Asabar ɗin Ƙarshen Wata

Ɗakin Akwasi Twumasi jikin nawa yake, a gidan hayar da muke zaune a Asokwa, cikin Kumasi. Kowa a gidan Bra Twumasi yake ce masa, har tsohuwar mai gidan wadda ta isa haihuwarsa. Dogo ne siriri, sanƙo ya fara cin kansa tun bai kai arba'in ba. Ban taɓa ganin ya fita babu jakar laftof a bayansa ba, ko da waakye, shinkafa da wake, zai sayo a bakin titi. Ba shi da mata, ba shi da yawan abokai, amma idan ya dawo aiki da yamma ya same ni a baranda, yakan zauna ya cire takalmi ya yi ta ba ni labarin asibiti. Yawancin abin da zan faɗa a barandar nan na ji shi daga bakinsa. Sauran da idona na gani.

Idan aka tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Gada nake ginawa." A asibitin mishan ɗin da yake aiki, ɗakin kati yana da manhajarsa, ɗakin gwajin jini yana da tasa, ɗakin magani ma haka. Kowacce daga wajen wani kamfani daban aka sayo ta, kuma babu wadda take jin yaren 'yar'uwarta. Shi ne a tsakiya. Likita zai rubuta a kwamfutarsa cewa a gwada jinin wance, gadar Twumasi ta ɗauki saƙon ta juya shi yadda na'urar ɗakin gwaji za ta gane. In sakamako ya fito kuma ta maido shi gaban likitan a ƙarƙashin sunan mai jinin, ba sunan wata ba.

"Ranar da gada ta yi aiki, likita ne gwani," ya taɓa ce mini. "Ranar da ta tsaya kuwa, har mai sharar ɗakin haihuwa ta san sunana. Kamfanin nan ya ce ba daga wajensa ba ne, wancan ma ya ce ba daga wajensa ba ne. To wa ya rage? Ɗan Maame Dufie."

Maame Dufie mahaifiyarsa ce. Kifin banda take sayarwa a kasuwar Kumawu, da shi ta riƙe shi da yayarsa Pokuaa bayan ubansu ya tafi gonar koko can yamma bai ƙara waiwayo su ba. Da kifin nan Twumasi ya gama makarantar fasaha. Ya fara da gyaran firinta a asibitin, sauran kuma shi ya koya wa kansa. Duk sanda ta zo Kumasi takan taho mana da kifi a ƙunshe cikin jarida, ta zauna a tsakar gida tana gaya wa matan haya cewa ɗanta likitan kwamfuta ne. Ya gaji da gyara mata ya bari.

Akwai hali guda da yake da shi wanda ban taɓa jin daɗinsa ba. Ba ya koya wa kowa aikinsa. An taɓa turo masa wata yarinya mai hidimar ƙasa, mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai ya sa ta jeran wayoyi da goge ƙura har shekararta ta ƙare. Na ce masa, "Bra, ai da ka nuna mata ko kaɗan ne."

"Isaka, kai yaro ne mai kirki, amma ba ka san ofis ba. Kwantiragi nake, kowace Disamba sai an sabunta mini. In na koya mata, su sallame ni su riƙe ta da rabin albashina. Wanda na gada a kujerar nan haka aka yi masa, kuma ni aka riƙe."

Maame Dufie ta rasu cikin watan Fabrairu, a asibitin da ɗanta yake aiki. Shi a ranar yana Akra, wajen taro da wani kamfani da asibitin ya sayi sabuwar manhajar kati daga hannunsa. Kafin ya iso an riga an kai ta mutuware. Ginin yana bayan ɗakin janareta, kullum ta gefensa yake wucewa zuwa ofis, amma bai shiga ba. Mai kula da wurin ya ce masa ya zo ko yaushe ya buɗe masa, ya ƙi.

"Ba zan ga uwata a aljihun firji ba," ya ce mini. "Zan gan ta ranar da aka yi mata wanka aka sa mata kayanta na coci aka kwantar da ita a gadonta. Ranar zan sa mata zanena a akwati, in yi mata sallama kamar ɗan da aka haifa."

Zanen ma ya saya tun a makon, fari mai ratsin baƙi, ya ajiye shi cikin ledarsa a kujerar bayan motarsa.

Da aka yi zaman mako guda a ƙauyensu da ke bayan Kumawu, Wofa Amankwaa, wan marigayiyar kuma shugaban dangi, ya tsayar da ranar biso: Asabar ɗin ƙarshen watan Maris. Duk mai hankali ita yake zaɓa. An yi albashi, mutane za su zo da yawa, hannunsu kuma da abin bayarwa. Twumasi ya dawo Kumasi ya tarar asibiti ma ya tsayar da ranar sauya tsohuwar manhaja da sabuwa: Asabar ɗin ƙarshen watan Maris. Su ma suna da dalilinsu. Ranar Asabar babu layin masu ganin likita, rabin gari yana wajen jana'iza, kuma suna so sabon wata ya fara da sabuwar manhaja. Ranar sauyin dole a yanke tsohuwar gada a ɗaura sabuwa, kuma mutum ɗaya ne tal ya san inda kowace igiya take.

Ya ɗauki kwalbar giya da wani dattijon cocinsu ya tafi roƙon Wofa Amankwaa a ɗaga ranar. Tsohon ya saurari dattijon har ya gama, ya dubi kwalbar, ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Akwasi, ai ita ba sauri take yi ba. A kai ƙarshen Afrilu. Ka gama aikinka ka zo mana da hankalinka gaba ɗaya."

Pokuaa a ranar tsaki kawai ta ja ta shige ɗaki.

Ana saura kwanaki kaɗan ƙarshen Maris, Lantei, wakilin kamfanin Akra, ya bugo waya yana dariya ya ce akwai ɗan abin da bai kammala ba a wajensu, a bari sai ƙarshen Afrilu. Asabar ɗin da aka tsayar da farko ta zo ta wuce, Twumasi yana zaune a baranda yana wanke safa.

Ya sake sayen kwalba, ya sake ɗaukar dattijon. A wannan karon an riga an buga fosta mai hoton Maame Dufie, an manna ta tun daga tashar mota har ƙofar coci. Pokuaa ta tare shi tun a tsakar gida, kafin ma ya gaishe da kawunsa.

"Likitan kwamfuta ya zo! Yau kuma wace kwamfutar ce ke naƙuda?"

"Sista, don Allah."

"Kar ka ce mini sista. Matar da ta yi rayuwarta tana zagin kifin firji, tana cewa ko kare ba za ta ba shi ba, yau ita ce kwance a firji wata biyu saboda ɗanta yana gina gada. Wace gada ce wannan da ba a ganinta? Mota nawa suka bi ta kanta?"

Wofa Amankwaa ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Sannan ya ce, "Ƙarshen Mayu. Kuma Akwasi, kada ka ƙara shigo mini gida da kwalba. Na karɓi biyu, ta ukun a kanka zan fasa ta."

Aka bi fosta ɗaya bayan ɗaya aka liƙa 'yar takarda a kan tsohuwar ranar.

Ban san ko sai na faɗi abin da ya faru a ƙarshen Afrilu ba. Darektan asibitin ya yi tafiya, kuma ya ce ba za a sauya komai ba sai yana nan. Aka kai sauyin ƙarshen Mayu.

Twumasi ya shiga ofishin Madam Bediako, mai kula da harkokin asibitin. Mace ce mai taushin murya, ita ta jagoranci ma'aikata suka zo masa gaisuwa lokacin rasuwar. Ta ba shi kujera, ta sa aka kawo masa ruwa.

"Madam, ranar nan ake binne mahaifiyata. Sau biyu na sa aka ɗaga saboda aikin nan. A kai sauyin Asabar ta gaba, ko wadda ke gabanta."

"Ayya, Mista Twumasi. Allah na gani da a hannuna yake da na yi maka. Masu ba mu tallafi za su zo Litinin su ga sabuwar manhaja tana aiki. Sau biyu su ma muna ba su haƙuri. Babu wanda zai riƙe maka? Yarinyar nan da muka ba ka bara, ba ka nuna mata komai ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ka gani," ta ce. Ta ɗauki waya ta kira Lantei ta buɗe murya kowa ya ji.

"Chale, abokina, ka kwantar da hankalinka," in ji Lantei. "Komai a shirye yake. Ka yanke taka da sassafe, mu buɗe tamu daga nan Akra, ka ɗaura, ka gwada, shi ke nan. Kafin a gama shan koko ka kama hanya. Ai ni ma ina da uwa."

Twumasi ya yi lissafinsa a baranda da yammar nan. Idan aka gama da wuri, zai isa ƙauye ana kan zagayen ganin gawa, kafin a rufe akwati a ɗauka zuwa coci. Ya kira kawunsa ya faɗa masa. Tsohon ya ce, "Za mu jira ka iya abin da rana ta bari."

Ranar Juma'a Pokuaa da mazan dangi suka zo suka ɗauki gawar. Twumasi yana ɗakin na'urori yana gwajin ƙarshe ya ji jiniyar motar tana fita daga ƙofar baya. Ya ce mini ya miƙe tsaye har sautin ya ɓace, sannan ya koma ya zauna.

Mu 'yan gidan haya muka yi shatar ƙaramar bas, muka tashi da asubar Asabar cikin baƙi da ja. Mun isa mun tarar an kafa rumfuna a filin gaban gidan, lasifika na ta waƙoƙin coci. An kwantar da Maame Dufie a babban ɗaki a kan gado mai labulen leshi, mutane suna shiga ta ƙofa ɗaya suna zagayawa suna fita ta ɗayar. Mata na kuka suna kiran sunanta, suna ba ta saƙo zuwa ga nasu da suka riga ta. Muka bi layi mu ma muka zagaya. A rumfar dangi an jera kujerun 'ya'ya a gaba. Pokuaa tana kan tata, ta gefenta babu kowa.

A can asibiti, kamar yadda ya ba ni labari daga baya, gari na wayewa Lantei ya turo masa saƙo: mun shirya, yanke. Ya yanke. Daga wannan lokacin ɗakin gwaji da ɗakunan marasa lafiya suka daina jin juna. Ya ɗaura sabuwar gada ta ɓangarensa, ya tura saƙon gwaji. Saƙon ya je ƙofar manhajar Akra ya tarar da ita a rufe. Ya sake turawa, a rufe. Ya kira Lantei.

"Ɗan ba mu minti biyar, Chale. Mista Agbeko muke nema, shi ke riƙe da lambobin buɗewa."

Minti biyar ɗin suka yi ta haihuwa. Ya kira, aka ce ana nemansa. Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Rana ta fito sosai.

A ƙauye kuwa layin masu zagaye ya ƙare. Dangi suka shiga da kayan sallama, kowa da abin da zai sa mata a akwati: zane, hankici, zobe, ɗan kuɗin guzuri. Fasto ya aiko a tambaya ko lafiya. Wofa Amankwaa ya ce a ƙara waƙa. Aka ƙara. Ɗakin ya fara zafi, matan da suka yi wa gawar kwalliya suna ta shiga suna fita suna raɗa. Pokuaa ta hango ni ta yafito ni.

"Kai ne maƙwabcinsa ko? Kira mini shi. In ya ga lambata ba zai ɗauka ba."

Na kira, ya ɗauka tun kafin ta yi ƙara sosai. Ta fizge wayar.

"Kana ina?"

Ta ƙara danna wayar a kunne.

"Akwasi, na ce kana ina? Ka wuce Effiduase?"

"Ina asibiti, Sista."

Ba ta yi ihu ba. Ta miƙo mini wayar kamar ta ɗauki abu mai ƙazanta, ta koma wajen kawunta. Na kara a kunne na ji numfashinsa.

"Bra, me ya faru?"

"Isaka, ka roƙar mini Wofa. Ka ce ya ƙara mini kaɗan."

Abin da ya faru shi ne, jim kaɗan kafin kiran namu Lantei ya gaji da ɓoyewa ya faɗi gaskiya. Mista Agbeko ba ya Akra. Ya tafi can yankin Volta jana'izar mijin gwaggon matarsa, kuma ya kashe waya.

"Mijin gwaggon matarsa," in ji Twumasi.

"Chale, ka san Asabar ce, kuma ƙarshen wata. Ka san yadda surukai suke, in bai je ba matarsa ba za ta bar shi ya sha ruwa ba. Na ɗauka ya bar wa wani lambobin. Mu bari sai wani makon kawai."

Twumasi ya ce mini bai zage shi ba. Ya ce ya nemi zagin a bakinsa bai samu ba. Ya rufe laftof, ya ɗauki makullin mota, ya fito. A bakin ƙofa ya ci karo da nas ɗin ɗakin yara, tana haki.

"Bra Twumasi, tun safe ba mu ga sakamako ko ɗaya ba. Ina da yara uku da ake jiran a san ko za a ƙara musu jini. Mutum biyu ne kacal a ɗakin gwaji yau, sun ce ba su da mai rubutawa da hannu ya kawo mana, kwalaben jini sun taru a gabansu babu lambar da ta zo musu. Ka yanke abu ka tafi ka bar mu haka?"

Ya tsaya da makullin a hannu. Yanke tsohuwar gada abu ne mai sauƙi, mayar da ita ne aiki. Sai an kwance duk abin da aka ɗaura da safe, a maido na da, a bi saƙonnin da suka maƙale a tsakiya ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowanne ya koma kan sunan mai shi. In aka yi gaggawa, sakamakon wani yaro zai iya faɗawa kan wani. Babu wanda zai kira ya ce masa riƙe mini. Ya koma ciki ya buɗe laftof. Yana cikin haka ne wayarmu ta shigo.

Na je na durƙusa gaban Wofa Amankwaa na isar da saƙon. Ya dube ni da jajayen idanu.

"Ɗana, tashi. Kai baƙo ne, ba kai za ka durƙusa ba. Na jira shi a Maris, na jira shi a Afrilu, na jira shi yau har fasto ya aiko sau biyu. Shiga ɗakin can ka shaƙi iska, ka dawo ka gaya mini ko ita za ta iya ƙara jira."

Ban shiga ba. Ya miƙe ya gyara zanensa a kafaɗa, ya shiga shi da mazan dangi, aka ja labule. Da kukan Pokuaa ya tashi daga ciki muka san an rufe.

An yi coci, an kai ta makabarta, an dawo an ci abinci, an sake zama a rumfuna don zaman la'asar. Ana kiɗa, mai lasifika yana kiran sunayen masu ba da gudummawa, sai ga motar Twumasi ta tsaya a bakin fili, duk ta yi ja da ƙasar hanya. Ya fito yana ƙoƙarin yafa baƙin zane a kan rigar ofis. Ledar farin zanen tana hannunsa. Ya nufi rumfar dangi kai tsaye, wajen kujerun 'ya'ya.

Kujerar tasa ba ta nan. Tun bayan dawowa daga makabarta Pokuaa ta sa aka ɗauke ta, aka matso da na sauran. Ya tsaya yana dubawa. Wani ɗan kawun nasu ya taso ya riƙe masa gwiwar hannu cikin ladabi, ya kai shi can ƙarshen layi ta dama, inda baƙi suke fara gaisuwa.

Haka ya bi layin, yana miƙa hannu ga masu zaman makoki ɗaya bayan ɗaya kamar kowane baƙo, yana yi musu ta'aziyyar uwarsa. Wasu tsofaffin mata suka riƙe hannunsa suna kuka. Wofa Amankwaa ya ba shi hannu bai ɗago kai ba. Da ya zo kan Pokuaa ta miƙa masa yatsu, ta ce da murya mai daɗi yadda na kusa za su ji, "Sannu da zuwa, Mista. Mun gode da ka samu lokaci. An ba ka ruwa kuwa?"

Mai lasifika ba ɗan garin ba ne, an ɗauko shi haya ne daga Kumawu. Ya ga rigar ofis da katin asibiti a wuyan mutumin, sai ya ɗaga murya ya ce, "Dangi suna godiya ga wakilin asibitin da ya kula da Maame har ƙarshe, ya taso takanas daga Kumasi!" Aka tafa.

Twumasi ya zo ya zauna a rumfar baƙi, kusa da mu 'yan haya, ledar tana kan cinyarsa. Tsohuwar mai gidanmu ta miƙa masa ruwa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba.

Masu tallafin sun zo Litinin, aka nuna musu sabuwar manhaja a allon ofishin darekta da sunayen marasa lafiya na ƙarya, suka yaba suka tafi. Sauyin na gaske kuwa an yi shi ne wata Laraba cikin Yuni, da tsakar rana, asibiti cike da mutane, saboda ranar ce Mista Agbeko ya samu sarari. Bai ɗauki tsawon cin kwanon fufu ba. Babu wanda ya lura. Madam Bediako ta ce ashe ma da ba a wahalar da kowa da Asabar ba. A Disamba aka sabunta masa kwantiragi.

Har yanzu yana nan, a ɗakin da ke jikin nawa, da jakarsa a baya. Ya je ƙauye sau ɗaya shi kaɗai ya ga kabarin. Pokuaa tana da bidiyon jana'izar gaba ɗaya, ya aika mata dattijon cocinsu ya roƙa, ta ce a gaya masa wanda yake son gani ido ya kamata ya kawo. Hirar asibitin da yake yi mini ta ragu. Yakan zauna a baranda ya cire takalmi, mu yi shiru tare.

Wata yamma muna zaune haka sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Isaka, kai ka shiga ka zagaya ko?"

"Na shiga, Bra."

"Yaya take?"

"An sa mata farin leshi da ɗankwali mai ruwan zinariya. Ga sarƙar duwatsu a wuyanta. Gadon ma ya yi kyau ƙwarai."

"Ba kaya na tambaye ka ba."

Na shiga neman yadda zan faɗa. Bai matsa mini ba, ya jira.

"Fuskar ta yi duhu," na ce. "Ta kuma shiga ciki. Sun sa hoda da yawa don su rufe. Na ga Sista Pokuaa tana rage ta da bakin zanenta."

"Da ka gan ta a hanya, za ka gane ta?"

"A'a, Bra."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa.

"Mai kula da mutuware ya gaya mini," ya ce. "Ya ce a Maris tana nan kamar mai barci. Har sau biyu yana tare ni a hanya, yana cewa in zo in gani tun tana kama da kanta."